Jirgi Mai Sulken Gwangwani

Ƙaras. Ƙaras. Ƙaras.

Wannan ƙarar ce ta fito da ni daga ɗaki wata Asabar da hantsi, da rigar da nake ninkewa a hannuna. Na san kukan kowane abu a gidanmu na unguwar Longsight a Manchester, daga famfon da ke ɗiga har tarin maƙwabcinmu da ke ratso bango, amma wannan ban san ta ba. Ina leƙa kicin sai ga 'yata ta fari, shekararta goma a lokacin, ta durƙusa a ƙasa tana yanka gwangwanin kifi da almakashin ɗinkina. Almakashin da na taho da shi tun daga Kano a naɗe cikin ɗankwali, wanda ko takarda ban yarda a yanka da shi ba. A kan tebur kuma ga babbar roba cike da kifi tsamo-tsamo cikin mai. Gwangwani tara ta buɗe ta juye, duk ajiyar da na yi don ranar da girki ya gagara.

“Ke! Me nake gani haka?”

Ko ɗagowa ba ta yi ba. “Sulke nake yi, Mama.”

“Sulken wa? Yaƙi za ki?”

“Na jirgi ne. Kar ki taka nan, zai yanke ki.”

Da Hausa nake rubuta maganarta don kowa ya huta, amma a bakinta kalma uku ce Hausa, bakwai Turancin Manchester mai fita ta hanci. Mun ci kifin nan da shinkafa, mun ci da burodi, rana ta huɗu na gwada shi a miyar kuka, Allah Ya yafe mini.

Shekarun nan ne da gwamnatin Birtaniya ta ce za a tsuke bakin aljihu. Mu da muka taso a Najeriya mun ɗauka ba abin da za a koya mana a wannan fanni, ashe ba mu ga irin na masu ladabi ba. A nan ba a raba ka da abu sai an aiko maka da takarda mai sheƙi, an gode maka bisa fahimtarka. Wurin ninƙayar yara aka fara gode mana a kansa. Sai cibiyar da muke kai jarirai awo mu sha shayi mu yi gulmar sanyi. Laburare kuwa aka mayar da shi kasuwar ƙauye, kwana biyu yake ci a mako. Abin da ya rage wa yaran unguwa shi ne wani ɗan ɗaki a bayan zauren taro, inda wani tsohon Bature yake tara su ranar Laraba bayan an tashi makaranta, yana koya musu ƙera ƙananan jiragen ruwa. Injinan jirgi ya yi wa hidima har ya yi ritaya, ya bar yatsa ɗaya a can. Yara suna ce masa Kyaftin. Kyauta ake yi, ba mai biyan ko sisi, shi ya sa muka san shi ma godiyarsa tana hanya.

Ta kuwa iso. Ɗakin zai rufe ƙarshen zangon karatu. Kyaftin yana da wani aboki a Ladywood, can Birmingham, mai irin wannan ƙungiya ta yara, shi ma an gode masa. Tsofaffin biyu suka yanke shawarar ba za su watse da hawaye da biskit ba, da yaƙi za su watse. Yaran Manchester su ƙera jiragen yaƙi masu sulke, yaran Birmingham su tsare gada, a kara.

A wajen yarinyar na koyi duk abin da na sani game da waɗannan jirage, ina yanka albasa tana tsaye a kaina tana ba ni darasi kamar na biya kuɗin makaranta. Ta ce a Amurka aka yi, wajen shekara ɗari da hamsin baya, lokacin da Arewa da Kudu suka kama juna a kan bauta. Akwai wani kogi, Misisipi, da ya ratsa ƙasar kamar tsagar kitso, wanda duk ya riƙe shi ya riƙe maƙogwaron ɗan'uwansa. Manyan jiragen teku ba sa iya shigarsa, ruwan ba zurfi a wurare, ga yashi, ga kututturan itace. Sai aka ƙera waɗansu masu shimfiɗaɗɗen ciki kamar faranti, aka ɗora musu ɗaki na katako mai kauri, aka lulluɓe shi da ƙarfe, bangon a kishingiɗe don in harsashin igwa ya bugo ya zame ya yi sama. Mutanen lokacin ma kunkuru suke ce musu. 'Yan Kudu da ba su da isassun maƙera sai suka riƙa ciro ƙarfen layin dogo suna mannawa, waɗansu jiragen ma dammunan auduga aka jera musu a madadin sulke.

“Auduga? Ta tare harsashi?”

“Tana ragewa. Amma tana kamawa da wuta.”

“To, madalla da masu dabara.”

Ta ce cikinsu zafi kamar tanda, rana ta gasa ƙarfe daga sama, kwal yana ci daga ƙasa, hayaƙin albarushi ya cika ɗaki. In kuwa harsashi ya samu tukunyar injin, tururi ne ke gamawa da mutanen ciki kafin ruwa ya iso gare su. Na ajiye wuƙa na yi salati. Ɗan Adam ke nan. Allah Ya ba shi kogi ya sha ya yi noma ya yi alwala, shi kuwa ya zauna ya yi nazarin yadda zai dafa ɗan'uwansa a kansa. Na so in hana ta aikin baki ɗaya, don ban ga abin wasa a ciki ba. Sai ta ce mini bayin da suka gudu daga gonaki sukan tsaya a gaɓa suna ɗaga wa jiragen Arewa hannu, da yawa an ɗauke su, har sun yi aiki a ciki, suna zuba kwal suna ɗura igwa. Na yi ta tunanin mace da goyo a tsaye cikin laka tana hango baƙin kunkurun ƙarfe yana tahowa da hayaƙi, shi ne duk rahamar da ta iso mata. Na ɗauko mata almakashin da kaina, tunda dai ya riga ya mutu.

Maigidan yana digirin digirgir ne a lokacin, kuma a kan ruwa: madatsai, magudanai, yadda ruwa ke tafiya da yadda yake tsayawa. Shekara uku yana karantar ruwa, famfon kicin ɗinmu yana ɗiga yana jiran ya kammala. Da ya ji 'yarsa tana ƙera jirgi sai ya ajiye kundinsa ya naɗe hannun riga.

“Mamana, kawo nan. Wannan aikin lissafi ne, ba aikin manne-manne ba.”

Mamana yake ce mata, dalilin yana tafe. Ya cika takarda uku da lambobi, ya sa ta ninka sulken biyu, ya ce ya auna komai. Muka taru a banɗaki, ni da ita da ƙannenta maza biyu, aka cika bahon wanka. Ya sauke jirgin a hankali kamar mai sa jariri a ruwan suna. Jirgin ya yi jim, ya saki kumfa biyu, ya tafi ƙasa ya kwanta a natse.

“Ruwan baho ba shi da faɗi,” in ji shi. “Sakamakon ba abin dogaro ba ne.”

“Haka ne, Malam,” na ce. “Ruwan ne bai yi karatu ba.”

Yarinyar ta tsamo jirginta ta fice da shi. Washegari ta ɓamɓare rabin gwangwanayen gefe, ta cusa robobin lemo biyu a ciki, ta ƙara sulke a rufi kawai. Ta ce Kyaftin ya gaya musu raunin jiragen nan a sama yake, don masu ƙera su gaba da gefe suka tsare, su kuwa abokan gaba suka kafa igwa a kan tuddan bakin kogi suna zubo wuta daga bisa. Jirginta ya tsaya a kan ruwa cas. Uban ya duba ya ce ai dama inda lissafinsa ya dosa ke nan.

Labari ya kai unguwar Perry Barr a Birmingham, inda yayan maigidan yake zaune da iyalinsa. Yaya mutum ne da bai taɓa jin wata gardama ya bar ta ta wuce marainiya ba. Tun da suka ji Arewa ce da Kudu, su biyun suka zaɓi Arewa ba tare da sun tambayi abin da ya haɗa faɗan ba, Allah Ya taimake su aka dace ita ce mai gaskiya. Da wannan ta ƙare sai suka koma ta garuruwa. Maigidan ya ce ma'aikatan saƙar Manchester sun sha yunwa a yaƙin nan don audugar Kudu ta yanke, har gidajen da muke haya irin nasu ne. Yaya ya ce Birmingham ce ta ƙera bindigogin da aka yi yaƙin da su. Maigidan ya ce ƙwarai, ta sayar wa kowane ɓangare. Yaya ya ce wannan shi ake kira adalci. Mutum biyu 'yan unguwa ɗaya a Kano, da biza mai wa'adi a fasfo, suna hayaniya a waya a kan mutuncin kakannin Turawa.

Ni dai ina ta dariyata, ban san nawa yana zuwa ba.

Saura mako biyu, na shiga ɗakinta da kayan wanki na tarar jirgin a kan taga, an shafe shi da baƙin fenti, da bututun hayaƙi biyu na kwalin takardar banɗaki. A gefensa, da farin fenti, manyan baƙaƙe, ta rubuta sunanta. Sunanta na yanka.

“Kyaftin ya ce kowane jirgi da sunansa,” ta ce. “Kuma ya ce a al'adar jirgi, mace ce take faɗin sunan da ƙarfi kafin a sa shi a ruwa. Ya ce kowa mamarsa za ta yi masa.”

Na zauna a bakin gado da wankin a cinyata.

Wanda ya taso a gida ya riga ya gane. Ita ce 'yar fari, uwa kuwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ƙari a kan haka sunan surukata aka sa mata, mahaifiyar maigidan, wadda muke ce wa Hajiya. Shi ya sa uban yake ce mata Mamana, ƙannenta suke ce mata Yaya Babba, ni kuwa shekara goma ina lallaɓawa da “ke” da “yarinyar nan”. Sunan yana nan lafiya lau a rajistar makaranta, da bakin matar da ke kiran layi a asibiti, da takardun ƙaramar hukuma. A gidan da aka raɗa shi ne kawai ba ya kwana.

“A sa masa wani suna mana. Nasara. Ko Kunkuru.”

“Ni na ƙera shi.”

“To babanki ya faɗa.”

“Mace aka ce. Kuma shi ma ba ya faɗa.” Ta juya tana gyara bututun hayaƙin da bai karkace ba. “Maman kowa tana kiran sunansa a bakin get ɗin makaranta.”

Wannan gaskiya ce. Ƙarfe uku da kwata a ƙofar makaranta sai ka ce ana kiran sunayen waɗanda suka ci caca: uwa ta ƙwala kira, ta buɗe hannu, ta sumbaci yaro don ya yi abin bajinta, wato ya fito daga aji. Ni nakan tsaya jikin shinge in ɗaga gira, ta gani ta taho. Na ɗauka mun fahimci juna.

Ni ma 'yar fari ce. Har mahaifiyata ta koma ga Mahaliccinta ban ji sunana a bakinta ba, ban kuma taɓa kwana ina shakkar sonta ba. Nakan tarar da tsokar nama a binne ƙarƙashin tuwona, in ɗago, ta kau da kai. Amma a layinmu kowace uwa haka take, yaro ya san inda ake ɓoye so ya je ya tono. Wannan kuwa na haife ta a garin da ake rubuta so a jikin kati a sayar a kanti, na kuma zaci za ta iya karatun tuwo ba wanda ya koya mata. Na san sarai ba addini ba ne. Ba malamin da ya taɓa ce mini kiran sunan 'yata zunubi ne. Kunya ce, kunya kuwa ba ta tambayar hujja, harshe kawai take kamawa.

Na ce mata zan yi. Na yi ta gwaji in gida ya watse, ina kunna injin shara don kada bango ya ji. Mace da 'ya'ya uku, da takardar sakandare, tana tsaye a falo tana raɗa wa labule sunan 'yarta. A kwana na biyar na iya fitar da shi gaba ɗaya. Har na fara jin kaina wata jaruma.

Sai Yaya ya bugo waya da albishir. Matarsa ta kusa sauka, don haka Hajiya ta iso daga Kano za ta zauna da su, kuma da ta ji takwararta za ta yi yaƙi a Birmingham ta ce ko a keken guragu sai an kai ta kallo.

Ranar muka kama jirgin ƙasa da sassafe, jirgin yaƙin yana kwalin takalmi a cinyar mai shi, ba ta yarda ko uban ya taɓa ba. Na riga na aika a tambayi Kyaftin ko da giya a wannan al'ada tasu ta sa jirgi a ruwa, ya ce kowa ya zo da abin da yake sha, don haka na ɗuro zoɓo a gora. Filin dagar wani kanal ne a Ladywood, irin kogin nan da mutane suka haƙa da hannu a zamanin jiragen kwal, ruwansa kore shar, da keken tura kaya na kanti a nutse a gefe. Wannan ne Misisipinmu. Wata 'yar gada ta masu tafiya a ƙasa ta ratsa shi, yaran Birmingham sun cika ta, kowa da bokitin ƙananan dankali. Su ne igwar kan tudu. Dokar ba wuya: mai jirgi ya ja shi da igiya daga gaɓa, ya bi ta ƙarƙashin gada, su kuma su yi masa ruwan dankali. Wanda ya fita ɗaya gefen yana bisa ruwa ya ci.

Hajiya tana zaune a kujerar ninkewa, an naɗe ta da bargo biyu da rigar sanyin Yaya, fuskarta kawai ake gani. Na durƙusa na gaishe ta.

“Takwara, zo in ga abin,” ta ce. Ta juya jirgin, ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta sunsuna. “Wannan ai ko bai ci yaƙi ba ya kori maƙiya da ƙarni. Mene ne aka rubuta a nan?”

Yarinyar ta gaya mata. Hajiya ta dube ni ta wutsiyar ido, ta mayar wa yarinyar jirginta. Da ta yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Jirage shida ne. Iyaye mata suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wata Baturiya mai jan gashi ta faɗi sunan jirgin ɗanta har agwagin kanal suka tashi. Wata 'yar Jamaika ta haɗa da waƙa. Aka zo kanmu, Kyaftin ya miƙo mini hannunsa mai yatsa huɗu ya ce bismillah, da irin nasa lafazin, don ya faranta mini. Na tsuguna a bakin ruwa. Yarinyar tana gefena riƙe da igiya. A bayana ga Hajiya, ga Yaya, ga maigidan, ina jin idanunsu a ƙeyata kamar garwashi. Na buɗe gora na yayyafa zoɓo a kan sulken. Na buɗe baki.

“Bismillahi,” na ce. “Allah Ya kiyaye jirgin... yarinyar nan.”

Kyaftin ya sa hannu a kunne yana murmushi, yana jiran saura. Ba saura. Ya yi tafi shi kaɗai don ya rufa mini asiri. Yarinyar ba ta dube ni ba. Ta sa tafin hannu ta tura jirginta ruwa da kanta, ta miƙe, ta naɗe igiyar a yatsunta.

Aka fara. Jirgin farko ko gadar bai kai ba ya kife, na biyu dankali ɗaya ya fasa masa rufi ya nutse da tutarsa. Duk jirgin da ya taso, danginsa su bi shi a gaɓa suna ihun sunansa kamar a filin ƙwallo. Na uku ya fita da ƙyar, uban yaron ya ɗaga shi sama yana juyi da shi.

Namu ne na biyar. Ta fara ja a hankali, baƙin kunkurun yana tafe yana tsaga koren ruwa, ba tangaɗi. Mu ne muka fi kowa yawan dangi a wurin, mu takwas har da mai tsohon ciki. Kuma a cikinmu babu mahaluƙi ɗaya da zai iya buɗe baki ya kira sunan jirgin. 'Ya'yan Hajiya biyu ba sa faɗin sunan uwarsu. Mu surukai ba a ma maganarmu. Yara an hore su tun suna rarrafe. Muka jeru a gaɓa tsit, cikin kamala da tarbiyya, kamar masu rakiyar gawa. Maigidan ya yi gyaran murya ya ce, “Yauwa, Mamana,” a muryar da ko ni da ke kusa da shi da ƙyar na ji. Yaya ya ɗaga hannu zai yi kirari, ya tuna garinsa ne a kan gadar, ya mayar da hannun aljihu.

Dankalin farko ya sauka a gefen jirgin ya zame ya faɗa ruwa, daidai yadda ta ce zai yi. Na biyu ya daki rufi, ƙwal, ya yi tsalle. Jirgin ya girgiza ya ci gaba. Yaran gada suka ga wannan ba irin sauran ba ne, suka taru a kansa gaba ɗaya. Ita kaɗai take tafiya a gaɓa, kafaɗunta a ɗage, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya, don ta san ba abin da za ta waiwayo ta gani.

Sai na ji an ja mini gefen hijabi. Hajiya ce.

“Yayana ya tafi yaƙin basasa,” ta ce, idonta a kan ruwa. “Aka zuba su a jirgin fito za su ƙetare Kwara, ko kwano ba a kifa musu ba balle sulke. Shi ne ɗan fari, bai kuma dawo ba. Tsohuwarmu ta yi shekara ashirin tana cewa ‘wancan da ya tafi’.” Sai ta zungure ni da gwiwar hannu, da ƙarfin da ban zaci yana cikin bargon nan ba. “Ke kuma kin tsaya kina kallona. Ni zan tashi in yi tallan sunana da kaina? Yarinya tana yaƙi ita kaɗai, an tara mata gumaka.”

Ban san lokacin da na isa bakin ruwa ba. Na dai san na cika ƙirjina da iskar Birmingham mai sanyi, na ƙwala sunan. Ba irin na injin shara ba. Irin kiran da ake yi wa yaro daga wannan ƙarshen layi zuwa wancan, da jan wasalin ƙarshe, yadda ake faɗinsa a gida, yadda aka faɗe shi ranar da aka yanka ragonta. Sai da gadar ta amsa.

Yarinyar ta tsaya cak. Ta juyo gaba ɗaya, baki buɗe, igiyar ta yi sako-sako a hannunta.

Jirgin kuwa, da ya ji an daina jansa, ya tsaya shi ma. A ina? Daidai bakin gada, ƙarƙashin bokitai goma sha. Yaran Birmingham ba su taɓa samun gata irin wannan ba. Ba jifa suka yi ba, juye bokitan suka yi. Sulken ya yi iya yinsa, Allah Ya sani, na ji ƙwal-ƙwal ɗinsa kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Bututun hayaƙi suka fara tafiya, sannan rufin ya lotsa, roba ɗaya ta sulluɓe ta fito ta kama gabanta. Jirgin ya ɗaga hanci sama, farin rubutun ya ɗan leƙo, ya bi keken kanti.

Gada ta ɓarke da sowa. Yaya ya manta kansa ya yi tafi biyu, matarsa ta harare shi ya daina. Maigidan ya fara bayanin cewa a kimiyyance jirgin da ya tsaya ya fi saurin... Hajiya ta ce masa ya rufe mata baki.

Shekara goma ina riƙe da sunan nan kamar kuɗin adashi, ban tashi sakinsa ba sai a daƙiƙar da zai nutsar da aikin wata biyu. Na tsaya da gorar zoɓo a hannu ina neman abin da zan ce mata. In ba ta haƙuri? In ce za mu ƙera wani, a wane ɗakin, wurin wane Kyaftin? Tana tahowa tana jan igiyar da ba komai a ƙarshenta sai ɗan guntun katako, takalmanta sun jiƙe, hancinta ya yi ja don sanyi. Ta wuce ubanta, ta wuce kakarta, ta zo ta tsaya a gabana har goshinta yana taɓa hijabina.

“Na nutsar miki da jirgi,” na ce.

Ta ɗago ta dube ni. Da Hausa ta yi maganar, tsaf, ba kalmar Turanci ko ɗaya.

“Na ɗauka ba kya son sunan ne, Mama. Sake faɗa in ji.”